Tukwanen da Ruwa Ya Tono

Tun kafin jirgin ya taɓa ruwa mutanen unguwa suka gama raɗa masa suna. Wasu su ce ɗakin Sunusi, wasu su ce akurkin kaji. Sunusi mai walda ne a Haɗejiya, sana'arsa ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe, amma duk ranar da aiki ya yi sauƙi sai ya zagaya bayan shago, inda ya jera manyan kwalekwale biyu ya ɗaure su da ƙarafa, ya shimfiɗa katako a kai, ya tayar da ɗakin kwano mai taga ta kowane ɓangare. Ya sa ragar sauro a tagogin, ya ɗora sola a rufi, ya yi wa murhun gawayi mazauni a can baya. Matarsa ta zo ta leƙa sau ɗaya, ta ce ita da 'ya'yanta ba za su hau abin da shi ba gida ba, shi ba jirgi ba.

Ba kamun kifi ne ya dame shi ba, ba kuma ɗaukar fasinja ba. So yake ya ga ruwan kawai. A cikin fadama aka haife shi, a wani ƙauye da ake kira Kafin Shu'ibu, amma yana ɗan ƙarami mahaifinsa ya rasu, ba a jima ba kuma ruwa da ciyawar kacalla suka cinye gonakin garin, mutane suka watse, uwarsa ta kawo su birni. Tun daga nan iyakar abin da ya sani na kogi shi ne wanda ake hangowa daga kan gada. Masunta masu kawo masa gyara su suka riƙa ba shi labarin tsibiran gabas, inda suka ce tsuntsu kan rufe ƙasa har mutum ya rasa inda zai sa ƙafa.

Da kaka ta yi, ruwa ya daina hauhawa ya fara ja da baya, sai ya sa aka tura jirgin kogi. Bai zaci uwarsa za ta bi shi ba, ya faɗa mata ne don kada ta ji a bakin wani. Inna Bara'atu ta murza gwiwarta mai ciwo, can ta ce a ajiye mata wuri kusa da taga. Ƙanwarsa Zaituna, malamar firamare, da ta ji Inna za ta, ta nemi izinin mijinta da na makaranta ta haɗa jaka. Na huɗunsu Baba Gana ne, wani tsohon masunci daga wajen Auyo, shi zai riƙe tuƙi. Tun a bakin ruwa ya gaya wa Sunusi gaskiya: ruwan yamma ya san shi kamar yunwar cikinsa, na gabas kuwa sai dai su tafi suna tambaya.

Kwanakin farko sun yi daɗi fiye da yadda kowa ya zata. Suka ratsa gonakin shinkafa da ruwa ya kai wa wuya, manoma a kwalekwale suna dakatar da aiki su bi ɗakin da kallo, wani ma ya ɗaga murya ya tambaya ko asibiti ne aka kawo. Inda ruwa ke da zurfi Sunusi ya tayar da ɗan injinsa, inda ciyawa ta yi yawa a kashe shi Baba Gana ya miƙe da gorar tuƙi. Sun sauka a wani tsibiri da babu komai sai goruba, Zaituna ta cika ɗankwali da waɗanda suka zubo. Sun wuce wani da balbelu suka mayar fari fat, warin kashinsu ya hana su tsayawa. Sun yini a wani lungu da bado ya rufe, furanni har iyakar gani, tsuntsaye irin su dinya da kirinjijiya suna tashi duk sanda jirgin ya matso. Ko'ina Zaituna sai ta ɗauki hoto, in an zo inda waya ke kamawa ta tura wa ƙawayenta.

Inna dai tana bakin tagarta. Da farko takan nuna hanya, ta ce a yi dama za a fita wani mashigi da ta sani, a je a tarar kacalla ta toshe shi kamar katanga, ta fi tsayin mutum. Da abin ya maimaitu sai ta daina. Ta ce wannan ba kogin da ta bari ba ne. Ba da ɓacin rai ta faɗa ba, don kuwa 'ya'yanta sun daɗe ba su ga ta ci abinci kamar yadda take cin gasasshen kifin karfasa a jirgin nan ba.

Wata la'asar hadari ya taso daga gabas, irin na ban kwana da damina, mai iska fiye da ruwa. Iskar ta riƙa dukan ɗakin kwanon tana juya jirgin yadda ta ga dama, ruwa na fantsamowa ta tsakanin katako. Baba Gana ya hango wani tsibiri mai tudu da babbar bishiya a gefensa, ya ce a nufe shi. Ta ɓangaren da tudun ya tare iska suka samu wani lungu da ƙasa ta rungume, ruwan cikinsa a kwance kamar a ƙwarya. Gaɓar doguwa ce, a yanke kamar an sa wuƙa, wata tsohuwar kanya ta sunkuyo a kanta, rabin saiwoyinta a waje. Sunusi ya ɗauko turken ƙarfen da ya ƙera don irin wannan rana, ya kafa shi a ƙasan ruwa ya bi da guduma. Ya shige ba gardama, har Sunusi ya yaba laushin ƙasar. Suka ɗaure igiya ɗaya a turken, ɗayar a saiwar kanya. A waje iska na kwantar da kacalla, su kuwa ko shayin da ke kofi bai girgiza ba.

Sunusi ya ce duk inda suka tsaya babu kamar nan, nan zai riƙa kawo iyalinsa in sun daina tsoro. Inna na ciki a kwance, sanyin hadari ya tayar mata da ciwon gwiwa, ko leƙowa ba ta yi ba.

Gari ya waye garau. Baba Gana ya ɗaga ƙugiyoyin da ya bari a ruwa ya samu tarwaɗa manya-manya, ya ce bai taɓa ganin lungu mai kifi haka ba tare da masunci ko ɗaya ba. Suka ɗebi ruwan suka yi alwala, Zaituna ta yi farfesu, ta wanke kwanuka, ta wanke zannuwan Inna ta shanya a igiya.

Da hantsi Sunusi ya naɗe wando ya sauka, ruwan iya cinya, ya bi gindin gaɓar yana neman inda za a hau. Nan ya ga tukwanen. Iskar jiya ta zabtare wani sashe na gaɓar, ta bar sabon yanka jajir, a cikinsa kuma ga tukwanen ƙasa sun leƙo, a kife, a jere, ɗaya na bin ɗaya. Gaba kaɗan ga wani jerin, gaba kuma wani, duk zurfinsu ɗaya daga saman ƙasa.

Sunusi ya sha zuwa jana'iza, ya sha miƙa tukunya da hannunsa a bakin kabari a rufe mamaci da ita kafin a zuba ƙasa. Amma kullum daga sama yake ganin abin, bai taɓa ganinsa ta gefe ba, shi ya sa ko kaɗan hankalinsa bai je can ba. Ya kira Zaituna ta zo ta ga abin mamaki. Ta tattare zani ta biyo shi. Ita ta ce ƙila wurin gashin tukwane ne na mutanen da, shi ya ce ƙila ajiya ce aka binne aka manta. Ta sa shi ya dafa ɗaya ya yi murmushi, ta ɗauke shi hoto. Daga nan ya ce bari ya ciro ɗaya ya kai wa Inna, ita za ta san irin ginin. Ya kama gefenta ya girgiza, ƙasa ta zubo, ta fito a hannunsa, ashe ɓari ce ba cikakkiya ba.

Bayanta akwai rami mai duhu, siraran saiwoyi na lilo a ciki. Can ciki ga wani abu zagayayye, launin tsohuwar ƙwarya. Ya ɗauka ƙaramar tukunya ce. Ya zura hannu ya juyo da ita wajen haske, yatsansa ya faɗa wani gurbi, sai ga haƙora.

Bai yi ihu ba. Hannun kuwa ya ƙi dawowa, kamar ba nasa ba. Zaituna na bayansa, wayar har yanzu a ɗage, idonta a kan ramin. Baba Gana ne ya lura da tsayuwar tasu daga kan jirgi, ya sunkuyo ya duba, ya ajiye wuƙar da yake gyaran kifi da ita.

"Sunusi, zare hannunka a hankali. Kada ka ja komai."

Sannan ya fara salati.

Da ido ya gane abu ɗaya sai ya gane sauran. Abin da suka ɗauka fararen saiwoyi ne a jikin gaɓar ba saiwoyi ba ne. Abin da ke leƙowa daga laka a bakin ruwa, mai lanƙwasa kamar baka, haƙarƙari ne. Sunusi ya tuna tun da ya sauko yake taka wasu abubuwa masu tauri a ƙasan ruwa, yana ture su da ƙafa yana cewa itatuwa ne. Ya dubi ruwan da ke cinyarsa, ya kasa ɗaga ƙafa, ya kasa barinta a inda take. Zaituna ce ta fara motsawa, ta ja da baya tana haki har ta bugi jikin jirgin, Baba Gana ya kama hannunta ya jawo ta.

Salatin ne ya fito da Inna. Ta dafa ƙofar ɗakin, ta dubi 'yarta da ke durƙushe, ta dubi ɗanta a ruwa da ɓarin tukunya a hannu. Kanta ta ɗaga, ta ga bishiyar da suka kwana a ƙarƙashinta, karo na farko. Kanyar ta rabu biyu daga sama, ɓari ɗaya a bushe, baƙi ƙirin tun daga reshe har kusa da gindi. Inna ta daɗe tana kallo, ta leƙa bayanta inda wasu goruba suka jeru, sannan ta zauna a kan katako.

"Aradu ce ta tsaga ta, shekarar da aka kawo ni amarya," in ji ta. "Kanyar Kafin Shu'ibu ce. Ta maƙabarta."

Sunusi ya juyo gare ta. Ya ce ba zai yiwu ba, ai ita da bakinta ta sha gaya musu kogi na nesa da gari. Ta ce haka ne, tsakanin kanyar nan da kogi akwai gari, akwai gonakin dawa, mace in ta ɗebo ruwa sai ta sauke tulu ta huta a hanya. Ya tambaye ta to ina garin. Ta ɗaga hannu ta nuna buɗaɗɗen ruwan da suka ratso jiya cikin iska, wanda babu ko kan kara a cikinsa. Masallaci, kasuwa, gidan da ta haife shi, duk a nan suke, kuma ta kansu suka wuce da inji a kunne.

Zaituna na cikin mahaifiyarta lokacin da mahaifinsu ya rasu. Ba ta taɓa ganinsa ba, ko a hoto, don bai taɓa ɗauka ba. Ta ɗago ta ce, "Inna, Baba fa?"

Inna ta ce mata ba sa bin gawa, ita ba ta zo ba. Amma da aka dawo, wan mijinta ya zauna a bakin ƙofarta ya gaya mata inda aka sa shi, don ta gaya wa yara in sun girma: yamma da kanya, daidai inda inuwarta ke faɗuwa da hantsi, don a cikin inuwar ma maza suka tsaya suka yi aikin.

Hantsi ne a lokacin. Babu wanda ya ce kowa ya duba, amma duk suka duba. Inuwar kanyar ta wuce bakin gaɓa, ta sauka a kan ruwa, ta kwanta a rufin jirgin da zannuwan da ke shanye, har zuwa kan turken ƙarfe.

Sunusi ya yi wajen turken kamar zai fizge shi. Baba Gana ya tsayar da shi, ya ce abin da ya shiga da guduma ba a fitar da shi da fushi, ya fara mayar da tukunyar mutane tukuna. Ya mayar, ya ɗebi laka ya liƙe gefen. Sannan su biyu suka kama turken suka riƙa juya shi a hankali har ya saki. Ya fito da baƙar laka, da wani guntun kasko manne a tsininsa. Sunusi ya ɓamɓare kaskon, ya rasa inda zai sa shi, ya tsaya riƙe da shi kamar garwashi. Daga baya ya ajiye shi a kan saiwar kanya. Suka kwance igiya, Baba Gana ya tura jirgin da hannu yana bin saiwoyi, don ya ƙi ya soka gora a ƙasan wurin, har suka fita bakin lungun suka ɗaure a tushen kacalla.

A nan Zaituna ta ga tukunyar farfesun, ta juya ta sunkuya a gefen jirgi ta amayar da duk abin da ta ci. Ta riƙa goge hannuwanta da fuskarta da ɗankwali tana cewa da ruwan ta yi alwala, da shi ta kurkure baki. Inna ta bar ta ta gama, sannan ta ce da ita ta natsu. Ta ce mutanen nan ba ƙazanta ba ne, da ransu da mutuwarsu. Akwai wadda ta yi mata wankan jego a cikinsu, akwai wanda ya raɗa wa Sunusi suna. Abin da ya kamata a ji wa ciwo shi ne tsiraicinsu da ke waje, ba cikin mai rai ba. Ta faɗi haka da ƙarfin hali, amma Sunusi ya ga yadda ta damƙe bakin katako har jijiyoyin hannunta suka fito.

Suna nan zaune sai suka ji kukan saniya, can kuma wani mutum ya bayyana a saman gaɓar, dogo, siriri, da sanda a kafaɗa da malfa. Ya yi sallama. Ya ce sunansa Usman, shi ke kiwo a tsibirin. Jiya ya hango jirginsu cikin ruwan sama ya so ya zo ya ce su canja wuri, amma fadamar da ke tsakiyar tsibirin ta cika, da safe kuma sai da ya sallami shanu. Ya dubi fuskokinsu, ya dubi sabuwar lakar da ke jikin gaɓa.

"Kun gani ke nan," in ji shi.

Da ya ji su 'yan garin ne, ya cire malfarsa ya daɗe yana jujjuya ta. Ya ce akwai abin da ya kamata su gani, su zagayo ta arewa inda gaɓa ta kwanta. Inna ta ce ba za a bar ta a jirgi ba. Sunusi ya goya ta, abin da bai taɓa yi ba, ya ji ba ta fi nauyin 'yarsa ta fari ba. Suka bi Usman ta cikin shanu har ƙololuwar tudun.

An kewaye wani fili da ƙaya. A ciki ƙananan tudun ƙasa ne birjik, gajeru kamar kaburburan jarirai, duk sun fuskanci alƙibla. Wasu ciyawa ta rufe su, wasu ƙasarsu ba ta gama bushewa ba.

Usman ya ce shekarun baya ya fara kawo shanunsa nan, in ruwa ya fara ja sai ya iyo da su, su ci ciyawa har rani. Ran da ya fara gani, kofaton saniya ne ya turo ƙoƙon kai a bakin ruwa. Ya zaci kisan kai aka yi, ya kwashe shanunsa ya koma can ƙarshen tsibirin, ya yi kwanaki bai iya cin abinci ba. Da ya dawo ya ga jerin tukwanen sai ya gane. Ya tambayi masunta ko na wane gari ne, kowa ya ce bai sani ba, su dai ba sa shiga lungun. Ranar kasuwa ya je Birniwa ya tambayi wani malami, malamin ya ce abin da ya samu ya suturta ya binne. Tun daga nan kowace shekara in ya zo yakan bi gaɓar da buhu mai tsabta. Ƙasusuwan da ya samu wuri ɗaya ya haɗa su rami ɗaya. Waɗanda ruwa ya warwatsa kuwa, ya ce Allah ya yafe masa, ya san ya haɗa ƙafar wani da hannun wani, ya san ya haɗa mace da namiji. Abin da ya faɗa can cikin zurfi bai iya kai wa gare shi ba, don bai iya nutso ba.

Sunusi ya sauke Inna a bakin ƙayar. Ta daɗe tana bin tudun da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta tambayi Usman, ba ta dube shi ba, ko ya taɓa ɗaukar ƙashin ƙauri mai ƙulli a tsakiya. Ta ce mahaifin yaran nan ya faɗo daga giginya yana saurayi, ɗorin bai zauna daidai ba, da ɗingishi ya yi rayuwarsa. Zaituna ta juyo ta dubi uwarta. Ba a taɓa gaya mata mahaifinta na ɗingishi ba.

Usman ya yi tunani. Ya ce ya taɓa ɗaukar irinsa, ya tuna don ya tsaya ya shafa ƙullin yana mamaki. Bara waccan ne, ko wadda ta gabace ta. Ya shiga cikin ƙayar ya tsaya tsakanin wasu tudu da ke gefen kudu, ya nuna wannan, ya nuna wancan, ya sauke hannu.

"Inna, a cikin waɗannan ne. Amma in na ce miki wannan ne, na yi ƙarya."

Ta ce ya isa. Zaituna ta durƙusa a wajen ƙayar daidai wurin, ta buɗe hannuwa za ta yi addu'a, amma ta kasa haɗa kalma biyu, sai Inna ce ta ja, ita tana amsawa.

A kan tudun waya na kamawa kaɗan-kaɗan. Sunusi ya kira wani ɗan'uwansu da ke ƙauyen bakin titi inda da yawa daga mutanen Kafin Shu'ibu suka koma. Mutumin bai yarda ba, ya ce maƙabartar na kan tudu, ruwa ba zai taɓa kai mata ba. Zaituna ta buɗe hotunan da ta ɗauka da safe don ta tura masa, ta ci karo da na yayanta yana dafe da tukunya yana murmushi. Ta yanke shi daga ciki, ta tura tukwanen kaɗai. Ba a jima ba wayar ta fara ƙara, ba ta kuma daina ba har caji ya ƙare.

Washegari kwalekwale suka fara isowa, Baba Gana ya fita bakin mashigi yana yi musu jagora. Maza ne, yawancinsu masu furfura, da fartanya da shebur da ƙullin farin yadi. A jirgin farko akwai Malam Rilwanu, wanda ya yi ladanci a garin kafin a watse, yanzu sai an riƙe shi. Tun daga nesa yake cewa an yi kuskure, ba nan ba ne. Da jirgin ya shiga lungun ya ga kanyar, sai ya daina musu. Mutanen da suka zo suna hayaniya suka yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa na lasar gaɓa. Wani dattijo ya zame ya zauna a cikin jirgi ya rufe fuska da babbar riga. Wani ya riƙa nuna ruwa yana cewa uwarsa na nan, ƙannensa biyu na nan, kamar akwai wanda ya musa masa.

Malam Rilwanu ne ya ce a tashi, kuka ba ya suturta kowa. Aka yanke shawarar a kwashe jerin da ke bakin gaɓa, waɗanda damina mai zuwa ba za ta bari ba, kowa a naɗe shi shi kaɗai tun yana haɗe. Aka yi ta gardamar wane ne a ina, kowa da inda ya tuna, babu biyun da suka dace, har aka haƙura aka daina kiran suna. Fadamar tsakiyar tsibirin ba ta ratsuwa da kaya, ƙananan jirage kuma suna tangaɗi, don haka jirgin Sunusi aka sa. Ya fitar da katifu da kwanuka, ya share ɗakin ya shimfiɗa tabarmi. A nan aka riƙa jera ƙullin farin yadi, a zagaya da su ta arewa a hau tudu. Bai kunna inji ba ko sau ɗaya. Shi da Baba Gana suka yi ta turawa da gora, kai da kawowa, har tafin hannunsa ya sale. Inna da Zaituna suna can gefe a rugar Usman, suna yanka yadi suna dafa wa ma'aikata abinci.

Da aka gama abin da za a iya, aka ƙara faɗin ƙayar, aka yi addu'a, mutane suka fara komawa jiragensu. Dattawan suka kewaye Usman suna sa masa albarka, shi kuwa sai sunkuyar da kai yake yana kallon shanunsa. Sunusi ya ja shi gefe ya tambaye shi me zai ƙero masa ya kawo, ko diga, ko shebur mai ƙarfi, ko ƙofar ƙarfe a sa wa wurin.

Usman ya yi godiya, ya ce ba ya jin zai dawo baɗi. Ciyawar ba ta isar shanun yanzu. Sanda ya fara zuwa, in ya saki shanu da safe ba ya ganinsu sai yamma, yanzu daga inda yake tsaye yana iya ƙirga su duka. Ya kai Sunusi bayan sabuwar maƙabartar, ta kudu, inda ba wanda ya leƙa saboda aiki. Ƙasa ta tsage a wurin, doguwar tsaga mai faɗin tafin hannu, ta bi gefen tudun ta ɓace a cikin ciyawa. Ƙasa da ita ruwa ne ke cin gindin tudun a hankali, irin yankan da ke lungun kanya. Usman ya ce bara babu ita.

Sunusi ya zura sandar Usman a tsagar, ta shige har ya kusa sakinta bai taɓo ƙasa ba. Ya juya ya dubi ƙayar, ya dubi tudun gefen kudu da Usman ya nuna wa Inna, su ne mafi kusa da tsagar. A can ƙasa mutane na kiransa, an riga an sa Inna a jirgi. Ya tambayi Usman ko ya nuna wa Malam Rilwanu. Usman ya ce a'a, ya ga tsohon ya sha wahala yau.

Sunusi ya miƙa masa sandarsa, ya gangara bakin ruwa. Ya ce da Baba Gana a dakata da kwance igiya, ya bi jiragen da suka fara tashi yana ɗaga musu hannu su dawo.